Kafin Ka Sayi Wufa, Auna But ɗin Motarka

Wufar farko da na saka a motata, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, inci 12 ce, a jikin kwalinta an rubuta wat 2000 da manyan lambobi, kuma wannan lambar ce kaɗai abin da na duba kafin in biya kuɗi. Daga shagon na wuce wurin wani kafinta, ya ɗora ta a kan fallen katako, ya zagaye ta da fensir, ya ce in dawo jibi. Bai tambaye ni lita nawa ake so cikin akwatin ya ɗauka ba, ni ma a lokacin ban san akwai irin wannan tambaya ba. Da na dawo sai na tarar ya huda rami a gefe ya cusa guntun bututun ruwa, ya ce mini, "Alhaji, sai da kafa iska take fita, sannan kiɗa ya yi duma." Aka haɗa ta da amfilifaya, aka kunna. Ƙara kam akwai, domin lambar motar har ɓari take yi, amma duk kiɗan da na sa abu ɗaya nake ji, wato wani dogon gurnani wanda ba ya bambanta bugun ganga da jan tsirkiyar gita. Bayan wata huɗu, wata rana da azahar, na ji warin ƙonewa daga baya, sautin ya ɗauke, kuɗina suka tafi.

Abin da na fahimta bayan wannan asara, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne akwatin da ake saka wufa a ciki rabin kayan kiɗan ne, kamar yadda icen tambari yake rabin tambari. Duk kyan fata, idan aka ɗaure ta a kan icen da bai dace ba, ba za ta ba da amon da ake nema ba. Dalilin yana da sauƙin ganewa. Lokacin da fuskar wufa ta tura iska gaba, a daidai wannan lokacin bayanta yana zuƙo iska, don haka igiyar sautin da ke fita ta gaba kishiyar wadda ke fita ta baya ce. Sauti mai kauri doguwar igiya gare shi, domin a haz 40, wato kaɗawa 40 a daƙiƙa ɗaya, tsawonta ya haura mita 8, saboda haka cikin sauƙi take zagaye bakin sifika ta haɗu da kishiyarta su kashe juna. Wanda ya taɓa kunna wufa tsirara a kan tebur ya ga wannan da idonsa, fuskarta tana kai da komowa da ƙarfi amma kunne ba ya jin komai na kirki. Aikin akwati na farko shi ne raba waɗannan igiyoyi biyu, aikinsa na biyu kuma shi ne iskar da ke cikinsa ta riƙe fuskar wufar ta yadda ba za ta yi motsin da ya wuce ƙima ba.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga wajen haz 20 zuwa 20,000, amma rabon wufa a wannan faɗi ɗan kaɗan ne, daga ƙasan nan zuwa wajen haz 80. Tsirkiyar da ta fi kauri a gitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa a haz 41, kiɗan zamani da ake haɗawa a kwamfuta kuma, irin na amapiano da na hip hop, yakan gangara ƙasa da haka. Muryar mawaƙi da zaƙin kalangu da goge duk aikin sifikun ƙofa ne. Idan kana jin kalmomin waƙa suna fitowa daga but, to an ɗora wa wufar aikin da ba nata ba.

Shawarata ga duk wanda ya tambaye ni ita ce ya fara da tef ɗin awo kafin ya je kasuwa. Ka buɗe but ka auna faɗi da tsayi da zurfin wurin da za ka iya sadaukarwa, kana mai tuna cewa dole a iya ɗaga shimfiɗar ƙasa a ciro safaya ranar da taya ta yi faci, kuma motar gida ba ta rabuwa da buhun shinkafa ko jakunkunan tafiya. Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da gas bayan cire tallafin mai a 2023 sun san tukunyar ta riga ta cinye mafi yawan wurin, kuma bai kamata a jingina akwati mai girgiza da ita ko da bututunta ba. Wurin da ya rage maka shi ne zai faɗa maka girman wufar da za ka saya. Inci 8 da inci 10 suna wadatuwa da ƙaramin akwati, inci 12 ita ce tsaka-tsakiyar da ta fi dacewa da yawancin ƙananan motoci, inci 15 kuwa tana buƙatar wurin da mota irin Corolla ba za ta bayar ba sai an haƙura da but ɗin gaba ɗaya. Wufa inci 10 a cikin akwatin da aka yi daidai da ita za ta fi inci 15 da aka matse a ƙaramin akwati daɗin ji, kuma na ji wannan da kunnena fiye da sau ɗaya.

Akwatin da ya fi sauƙin yi shi ne rufaffe, wanda ba shi da kafa ko ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur ne ya fito da wannan tsari kasuwa a 1954, bisa tunanin cewa iskar da aka kulle a akwati ta fi kowane irin roba iya dawo da fuskar sifika mazauninta. Bugun da yake bayarwa gajere ne mai tsabta, yana farawa da kiɗa yana tsayawa da kiɗa, kuma ƙarfinsa yana raguwa a hankali yayin da sauti ke ƙara kauri, da desibel 12 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) a duk lokacin da adadin haz ya ragu da rabi. Yawancin wufofi masu inci 12 suna neman tsakanin lita 28 zuwa 35 a irin wannan akwati. Yana kuma da haƙuri da kuskure, domin idan kafinta ya ɗara da lita biyu ko ya gaza da lita biyu, kunne da wuya ya lura. Inda yake da rauni shi ne yana cin wuta fiye da akwati mai kafa kafin ya kai ƙara iri ɗaya.

Akwati mai kafa ya girme shi, domin tun 1932 aka ba Albert Thuras na ɗakin binciken Bell takardar mallakar wannan fasaha. A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Kafar ba hanyar fitar iska ba ce kawai kamar yadda kafintana ya ɗauka. Idan ka hura bakin kwalba za ka ji ta ba da amo guda ɗaya, wanda girman cikinta da tsawon wuyanta suka ƙayyade, kuma idan ka zuba mata ruwa rabi amon zai ƙara siranta. Haka akwati mai kafa yake aiki: iskar da ke cikin bututun tana kaɗawa a wani adadin haz na musamman, kuma a kusa da wannan adadin bututun ne ke fitar da mafi yawan sautin, yayin da fuskar wufar take kusan tsayawa cik. Ƙara girman akwati ko tsawon bututu yana saukar da wannan amo, ƙara faɗin bututu kuma yana ɗaga shi. Masu neman kiɗa mai daɗi sukan saita shi tsakanin haz 30 zuwa 36, abin da ke buƙatar akwati na lita 45 zuwa 70 ga inci 12, da bututu mai tsawon da yakan ba mutane mamaki, wani lokaci har sai an lanƙwasa shi a cikin akwatin. Guntun bututu mai faɗi irin wanda aka cusa mini yana ɗaga amon sama sosai, shi ya sa duk waƙoƙi suka koma gurnani ɗaya. Idan kuma bututun ya yi ƙunci, iska takan fita da huci kamar numfashin mai asma, ka riƙa jin sa a kan kowane bugu.

Akwai haɗari na biyu wanda shi ne ya fi cin kuɗi. Ƙasa da amon da aka saita, akwati mai kafa ba ya riƙe wufa ko kaɗan, sai ta zama tamkar tana tsirara a kan tebur, tana dukan iyakarta gaba da baya ba tare da wani sauti mai amfani ba, kuma ƙarfin sautin yana faɗuwa da desibel 24 a duk rabi, ninki biyu na rufaffe. Saboda haka wanda ya zaɓi wannan akwati dole ne amfilifayarsa ta kasance tana da matacin da ke yanke sautin da ya yi ƙasa ƙwarai, a saita shi kaɗan ƙasa da amon akwatin. Ladan wannan wahala shi ne ƙarin ƙara na wajen desibel 3 ko fiye a kusa da amon, wanda yake daidai da a ce ka ninka ƙarfin amfilifaya ba tare da ka sayi sabuwa ba. Akwai nau'i na uku wanda ake ɓoye wufar gaba ɗaya a ciki, sauti ya fito ta kafa kaɗai. Yana da ƙara a ɗan ƙaramin zango, lissafinsa ba ya yafe kuskure, kuma yana ɓoye kukan wufar da take shan wahala har sai ta mutu, don haka ba na ba mai farawa shawarar ya taɓa shi.

A ra'ayina, mai motar gida wanda yake sauraron kiɗa iri-iri ya fi dacewa da rufaffen akwati, kuma ina da hujja bayan sauƙin yinsa. Cikin mota ƙaramin ɗaki ne, kuma idan igiyar sauti ta fi ɗakin tsawo sai ya daina yi mata kamar fili, ya koma matse iska gaba ɗaya kamar cikin famfo. Sakamakon haka motar da kanta tana ƙara wa sauti mai kauri ƙarfi, tun daga wajen haz 70 ko 80 zuwa ƙasa, kuma wannan ƙarin yana kusan cike gurbin abin da rufaffen akwati ke rasawa. Shi ya sa akwatin da ya yi kamar ba shi da ƙarfi a bakin shago yakan ba da mamaki da zarar an rufe but a kansa. Wanda burinsa shi ne a ji zuwansa daga nesa, ko mai babbar mota irin Sienna da ke da wurin zubarwa, shi ne mai kafa zai yi wa amfani, da sharaɗin a yi masa lissafi.

Lissafin kuwa ba sabon abu ba ne. Neville Thiele, injiniya ɗan Ostireliya, ya wallafa tushensa a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 a jami'ar Sidni, shi ya sa ake kiran ma'aunan da sunayensu biyu. Kamfanin kirki yana saka takarda a kwali mai ɗauke da waɗannan lambobi: Fs, wato amon da wufar take kaɗawa a kai da kanta, Qts da Qes, waɗanda ke nuna yadda maganaɗisu yake riƙe da ita, Vas, wanda ke nuna taushin abin da ke riƙe da fuskarta da ma'aunin lita, da Xmax, wato iyakar milimitar da za ta iya tafiya ba tare da sauti ya gurɓace ba. Masu haɗi suna da wata 'yar dabara ta raba Fs da Qes, idan amsar ta gaza 50 wufar ta fi son rufaffen akwati, idan ta kusa 100 ko ta haura ta fi son mai kafa. Wanda yake da kwamfuta zai iya zuba lambobin a manhajar WinISD, wadda kyauta ce, ya ga yadda kowane girman akwati zai yi kafin a yanka katako. Amma ko ba ka yi wannan ba, takardar takan faɗi litar da kamfani ya ba da shawara ga kowane nau'i, kuma bin ta ya wadatar. Rashin takardar ma darasi ne. Kasuwanninmu cike suke da kayan jabu masu ɗauke da sunayen Pioneer da JBL da Kenwood, kuma idan lambar samfurin da ke jikin maganaɗisu ba ta bayyana a shafin kamfanin na intanet ba, ka mayar wa mai shago kayansa cikin mutunci.

Litar da ake magana ta cikin akwati ce, bayan an cire kaurin katako da wurin da jikin wufar ya cinye. Akwatina na yanzu santimita 40 ne a faɗi, 38 a tsayi, 30 a zurfi daga waje, wanda in aka lissafa haka zai ba da fiye da lita 45. Amma katakon milimita 18 ne, don haka kowane gefe yana rasa santimita 3.6, ciki ya koma 36.4 da 34.4 da 26.4, wato lita 33, idan kuma aka cire wajen lita 3 na jikin wufar sai a tashi da 30. Da wannan lissafin a rubuce na je kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa na sayi allon MDF, wato na garin katako da aka matse, na kai wa wani kafintan daban, na ce masa, "Malam, don Allah kada ka ƙara ko ka rage, kuma kowace gaɓa a sa mata gam kafin a ɗaure." MDF yana da nauyi kuma ba ya amsa kuwwa, amma ruwa yana kumbura shi, don haka wanda but ɗinsa ke yoyo da damina gara ya nemi filawud mai kauri mai kyau, ko ya gyara robar but ɗin tukuna. Bayan an haɗa, a bi duk kusurwoyin ciki da silikon, a bar shi ya bushe sosai kafin a saka wufar. Gwajin yana da sauƙi: ka danna fuskar wufar a hankali da yatsu a kewayen tsakiya, idan ta dawo sannu a hankali akwatin ya kulle iska, idan ka ji tsaki a wata gaɓa to akwai aiki. A ƙarshe a ɗaure akwatin da jikin mota, domin abu mai nauyin kilo 15 ko 20 da ke yawo a but haɗari ne ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Game da wat, lambar da ake bugawa da manyan haruffa a kwali ta ƙarfin ƙiftawar ido ce, wadda ba ta da amfani wajen zaɓe. Wadda za ka nema ita ce mai RMS a gabanta, wato ƙarfin da wufar za ta jure a kai a kai, kuma sau da yawa takan zama kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na waccan. Ka nemi amfilifayar da RMS ɗinta ya yi kusa da na wufar a daidai om ɗin da za ka haɗa, om kuwa shi ne ma'aunin turjiyar da wufa ke yi wa wuta. Wufa mai koyil biyu, wato naɗin wayar da ke motsa fuskarta, masu om 4 kowanne tana zama om 2 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, tana zama om 8 idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, kuma amfilifayar da ba a gina ta don om 2 ba za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa idan aka tilasta mata. Yana da kyau a san cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, alhali kunne yana buƙatar wajen desibel 10 kafin ya ce ƙara ta ninku. Tazarar da ke tsakanin wat 300 da wat 500 ba ta kai yadda farashinsu yake nunawa ba.

Wutar kuma daga altaneta take fitowa. Amfilifaya mai wat 500 ta nau'in D, wadda ke miƙa wa wufa wajen kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ci, tana iya jan amfiya 45 a bolt 13.8 idan aka ƙure ta, alhali altanetar ƙaramar mota tana ba da wajen amfiya 80 zuwa 100 ne, kuma a ciki ake kunna na'urar sanyaya mota da fitilu da fanka. Idan fitilunka suna lumshewa da kowane bugu, ka fara da duba batir da wayoyin da ke tsakanin batir da altaneta da jikin mota kafin ka kashe kuɗi a kan kafasita, wato na'urar da ke tara wuta ta saki a lokacin bugu. Wayar wuta ta zama mai kauri lamba 4 ga irin wannan ƙarfi, ta jan ƙarfe zalla, domin akwai ta alminiyom da aka shafe da jan ƙarfe wadda ke ɗaukar wajen kashi 60 cikin 100 kawai na abin da ta gaske ke ɗauka, kuma ana gane ta da rashin nauyi da farin da ke bayyana idan an kankare ta. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne fis. Dole a sa shi kusa da batir, cikin santimita 45, domin wayar yake karewa, kuma waya mai kauri da ta goge da ƙarfen mota ba tare da fis ba tana iya ƙone motar ƙurmus. Wayar ƙasa ta zama gajera, mai kauri ɗaya da ta wuta, a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare wa fenti.

Abin da ya ƙone wufata ta farko, bayan wahalar da akwatin ya ba ta, shi ne makunnin da masu haɗi ke kira gen, wanda aka murɗa har ƙarshe da tunanin cewa na ƙara sauti ne. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin da rediyo ke aiko mata, kuma idan ya wuce wuri amfilifayar takan yanke kawunan igiyar sauti, ta riƙa tura wa koyil zafin da ya fi ƙarfinsa. Ana saita shi da mitar awon wuta da sautin gwaji na haz 50, a cire wayar wufa, a ɗaga rediyo zuwa wajen kashi uku cikin huɗu, sannan a murɗa gen har mita ta nuna bolt ɗin da ake nema. Ana samun wannan adadin ne ta ninka wat da om a ɗauki tushen amsar, misali wat 300 a om 4 yana ba da bolt 34.6, wat 500 a om 2 kuma 31.6. Matacin LPF, wanda ke hana siririn sauti isa ga wufa, a ajiye shi a haz 80, makunnin ƙarin bes, wato sauti mai kauri, a bar shi a sifili. Daga nan ka zauna a kujerar direba, ka sa wani ya sauya makunnin 0 da 180, wanda ke juya motsin fuskar wufar, ka bar shi inda bugun ya fi cika. A motoci masu but, juya fuskar wufar ta kalli baya yakan fi ba da ƙarfi, amma gwada ɓangarorin biyu bai wuce aikin minti biyar ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna ɓata daɗi. Ɓarin lambar mota yana mutuwa da ɗan soso ko roba a bayanta, murfin but kuma da shimfiɗar kashe girgiza. Kada a manna amfilifaya a ƙarƙashin kafet ko a binne ta da kaya, domin a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, cikin but kuwa ya fi haka nesa, kuma ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin da take shan iska da su. Ina kuma so a kula da kunne da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi, alhali wufa inci 12 a rufaffiyar mota tana wuce desibel 100 ba tare da wahala ba. Idan ka sauka daga mota kunnenka yana ƙara kamar kukan gyare, ka wuce iyaka, yaran da ke kujerar baya kuma sun fi ka kusa da akwatin. Bes yana ratsa bango fiye da kowane sauti, don haka ni nakan rage shi tun daga bakin layinmu, da kusa da masallaci ko asibiti.

Abin da ke motata yanzu inci 12 ce mai RMS 300, a rufaffen akwatin nan na lita 30, da amfilifaya mai ƙarfi kusan ɗaya da ita. Shekara uku ke nan ban buɗe akwatin ba sai sau ɗaya da na ƙara ɗaure sukurori. Idan na sa kiɗan gangunan gargajiya ina iya rarrabe bugun babbar ganga da na ƙaramar da ke amsa mata, safaya tana fitowa ba tare da na sauke komai ba, kuma buhu biyu suna shiga a gefen akwatin.